Kafin ka biya kuɗin hayar sunan kamfani, ka nemi waɗanda suka rufe shago

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman matasanmu na Jidda da Makka da Madina, a kan wata harka da ta shiga bakin jama'a a 'yan shekarun nan. Ita ce wadda Larabawa ke kira imtiyaz tijari, wato mutum ya biya kamfani kuɗi a ba shi izinin buɗe reshe da sunan kamfanin da tambarinsa da tsarin aikinsa, sannan ya riƙa ba da wani kaso daga cinikinsa muddin yarjejeniya tana aiki. Na shafe shekaru ina riƙe wa masu shaguna da gidajen abinci littattafan lissafi a Jidda, don haka abin da zan faɗa a kan takarda na gan shi, na kuma gan shi a cikin gidanmu.

Ɗan yayata, wanda aka haifa a nan kuma yake da takardar ɗan ƙasa, ya kwashe gadon mahaifinsa ya zuba a reshen wani kamfanin gahawa da ba zan ambaci sunansa ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne layin motoci da ya gani a bakin shagonsu na farko, da yadda ake yayata su a Snapchat. Na tambaye shi rassa nawa suka rufe tun da suka fara, sai ya ce da ni, "Kawu, ai waɗannan buɗewa kawai suke yi." Bai cika shekara biyu ba sai da ya sauke allon. Ciniki yana yi, amma dole ne ya sayi gahawa da madara da kofuna daga hannun kamfanin a farashin da ya fi na kasuwa, kaso kuma daga jimillar ciniki ake cire shi, ko an ci riba ko ba a ci ba. Ana cikin haka suka sayar wa wani mutum izinin buɗe reshe a kan titi ɗaya da shi, domin babu inda yarjejeniyar ta keɓe masa yanki. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ni ne ya kamata in zaunar da shi mu karanta takardar layi-layi kafin ya sa hannu, ban matsa ba.

Tambayar da nake so kowa ya fara yi ita ce: daga ina mai sunan yake samun kuɗinsa? Idan mafi yawan abin da ke shiga aljihunsa daga kason ciniki ne, to cinikinka ya dame shi, zai horar da ma'aikatanka, zai zo ya duba ka, ba zai so ka faɗi ba. Idan kuwa daga kuɗin kafin alƙalami da sababbin shiga ke biya yake rayuwa, da kuma ribar kayan da yake tilasta wa rassa su saya, to faɗuwarka ba asararsa ba ce, gobe zai sayar wa wani wurin. Wannan ba a ƙananan kamfanoni kaɗai yake faruwa ba. Kamfanin Quiznos na Amurka, mai gidajen abinci, ya kai rassa wajen 4,700 a shekarar 2007, masu rassan suka yi ta kai ƙara kotu a kan tsadar kayan da ake sa su saya, a 2014 kuma kamfanin ya bayyana cewa ya karye. Mu 'yan asalin Nijeriya ma mun ga Mr Bigg's, wanda ya fara a Legas a 1986 ya bazu a manyan garuruwa, daga baya rassan suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya gefen ga Al Baik, gidan abinci mai sayar da soyayyar kaza, wanda ya fara a nan Jidda a 1974, ya yi shekaru masu yawa bai fita daga yammacin ƙasar ba, duk da cewa mutanen Riyad suna ta kiransa. A ganina kamfanin da ke ja da baya wajen raba sunansa ya fi wanda ke bin ka da waya yana cewa gurbi ya kusa ƙarewa.

Gwamnatin Saudiyya ta yi doka a kan wannan harka a 2019, ta fara aiki a 2020, kuma ta ba mai saye makami mai kyau idan zai yi amfani da shi. Dole ne mai sunan ya ba ka takardar bayyana gaskiyar harkarsa, da haƙƙoƙi da wajibai da haɗarin da ke ciki, aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko riyal ɗaya. Dole ne yarjejeniyar ta kasance da Larabci ko a fassara ta, a kuma yi mata rajista a Ma'aikatar Kasuwanci cikin kwana 90. Hukumar Monsha'at mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i tana da cibiya ta musamman don wannan harka. Sai dai a lura, sharaɗin da doka ta gindaya wa mai son sayar da izini shi ne a ce an gwada tsarin nasa na shekara ɗaya a wurare biyu. Shekara ɗaya ta isa a cika sharaɗin hukuma, amma ba ta isa ta nuna maka cewa sana'a za ta kai shekara goma ba, alhali kai yarjejeniyar shekara biyar ko goma za ka ɗaure kanka da ita, ga hayar shago a kanka.

Saboda haka kwanakin nan 14 na aiki ne. A kai takardar wurin lauya da akanta, a nemi lissafin kamfanin na shekara uku wanda aka tantance, a nemi adadin rassan da aka buɗe da waɗanda aka rufe da waɗanda suka sauya hannu kowace shekara. Reshen da ya sauya hannu sau biyu yana nan a buɗe a idon mai wucewa, amma mutum biyu sun bar jarinsu a ciki. Kamfani zai haɗa ka da mai reshen da ya fi kowa ciniki. Ka gaishe shi, sannan ka nemi wanda ya fita daga harkar ka sha shayi da shi, domin shi ne zai gaya maka wata nawa ya yi kafin ciniki ya ɗauki nauyin haya da albashi, da abin da manhajojin kai abinci gida irin su HungerStation da Jahez suka rage masa, da kuma yadda aka yi da shi ranar da ya ce zai sayar.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ƙasar nan ta ga ƙarewar miya sau da dama cikin ɗan lokaci. An shigo da harajin ciniki na kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. A shekarar korona an dakatar da Umara, aikin Hajjin da ya tara mutum kusan miliyan biyu da rabi a 2019 ya koma na mutane ƙalilan, shagunan da ke rayuwa da alhazai suka zauna babu kowa. Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 ya tashi unguwanni irin su Karantina da Gulel da Sabil, inda 'yan uwanmu da yawa suke zaune, abokan cinikin shaguna suka watse. Daga Oktoban 2023 jama'a suka ƙaurace wa wasu sunayen Amurka saboda yaƙin Gaza, har kamfanin Alshaya na Kuwait, mai riƙe da izinin Starbucks a yankin, ya sallami ma'aikata wajen 2,000 a Maris na 2024. Sai a tambayi mai sunan abin da ya yi wa rassansa a waɗannan lokuta: ya sassauta kaso, ko ya ci gaba da aiko takardar biya? Kamfanin da aka kafa bayan waɗannan lokuta bai ga jarrabawa ba tukuna, duk kyan shagonsa.

Ina da jan kunne na musamman ga masu zama da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Kada wani ya ruɗe ku cewa ku kawo kuɗi a rubuta rajistar kasuwanci da yarjejeniyar da sunan ɗan ƙasa, ku kuwa ku riƙa juya shagon. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, kuma ranar da rigima ta tashi da kamfani ba ka da bakin magana a kotu, domin sunanka ba ya kan kowace takarda. Baƙon da ke son shiga harkar sai ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari.

Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta samo lauya mai jin Hausa da Larabci ya fassara wa jama'a manyan sharuɗɗan irin wannan yarjejeniya, musamman na keɓe yanki, da sabuntawa, da sayar da reshe ga wani, da abin da ke faruwa idan kamfanin da kansa ya durƙushe. Ɗan yayata yana aiki yanzu a shagon wani, yana biyan ragowar bashin hayar da ya sa wa hannu.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Jidda, Saudiyya