A Sa Kyamara a Ɗakunan Binciken 'Yan Sanda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan ɗakin da 'yan sanda ke ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma.

Bara na raka maƙwabcina kotu. Aka karanto takardar da aka ce ɗansa ya amsa laifi a ciki, da Turanci, alhali yaron ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya rantse dole aka yi masa ya dangwala yatsa, ɗan sandan ya rantse ba haka ba ne. Wata biyar ana jayayya kan takarda ɗaya, yaro na tsare, uwarsa na kai masa tuwo a kwano. Da akwai bidiyo, da zama ɗaya ya raba gardama.

Kuma doka ta tanadi hakan. Sashe na 15 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ambaci naɗar bayanin amsa laifi a bidiyo, sashe na 17 ya ambaci halartar lauya, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2024 cewa wajibi ne.

Amma kada a ɗauki bidiyon da wayar ɗan sanda, don Allah, wadda za a goge ko a yanke abin da ke ciki. A kafa kyamara a bango mai nuna rana da lokaci, da sola saboda ɗauke wuta, tana aiki tun shigar mutum har fitarsa, a kuma adana kwafi inda mai binciken ba zai taɓa ba. Ɗan sanda mai gaskiya ma ta wanke shi daga ƙazafi.

Ina roƙon Sufeto Janar da gwamnoninmu su fara da manyan ofisoshin binciken laifuka na jihohi.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano