Zuwa ga ƙanwata da ta tambayi littafin da za ta fara koyon Linux da shi

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ranar Asabar ɗin nan da muka yi zama da ɗalibai a Samaru kin miƙe a gaban kowa kika ce ke sabuwar shiga ce, yayanki ya bar miki tsohon laftof ɗinsa wanda Windows ta yi wa nauyi, kina so ki koyi Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, amma an turo miki littattafai sun fi ashirin a waya kin rasa ta ina za ki fara, wanne za ki karanta? Kafin in buɗe baki aka kira la'asar taro ya watse. Ina jiran mota zuwa Kwangila kuma wasu samari biyu suka tare ni da tambayar nan dai, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a fili kowa ya samu.

Littafi ɗaya za ki ɗauka, sauran ki kyale su tukuna. Sunansa The Linux Command Line, na William Shotts. Marubucin da kansa ya sake shi kyauta a intanet, saboda haka ki sauke hankalinki kwance ba hakkin kowa kika ci ba. Turancinsa mai sauƙi ne, irin na malamin da ya zauna kusa da ke yana nuna miki da yatsa, kuma abun da ya sa na fifita shi a kan sauran shi ne bai ɗauka kin san komai ba, daga yadda za ki buɗe taminal ya fara, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni wanda yawancin mutane suke gani gabansu ya faɗi.

Littafin yana da kauri, kar kaurin ya tsorata ki. Babi 10 na farko su ne naki a yanzu. A nan za ki koyi pwd da ke gaya miki inda kike tsaye a cikin kwamfutar, da ls da ke nuna miki abun da ke wurin, da cd na shiga folda da fita, sai cp da mv na kwafa da matsar da fayil. Babi na 9 shi ne na izini, wa ke da ikon karanta fayil wa ke da ikon canza shi, kuma wallahi nan ne na ga ɗalibai da yawa suna tsallakewa saboda lambobi, alhali lissafin bai kai na kasuwar Sabon Gari ba. Karantawa 4 ne, rubutawa 2, kunnawa 1. In kin ga 7 to an haɗa duka ukun kenan, in kin ga 5 karantawa da kunnawa ne babu rubutu. To 755 da za ki riƙa cin karo da shi ma'anarsa mai fayil yana da komai, sauran mutane su duba su kunna amma ba su taɓa ba. Ranar da wannan ya zauna miki rabin saƙonnin kuskure da ke fito miki za ki gane dalilinsu da kanki.

Amma dan Allah ki ji wannan da kyau, shi ne ainihin abun da ya sa na zauna rubutun. Wannan littafi ba a karanta shi a kwance kan katifa da waya a hannu. Laftof a buɗe, littafi a gefe, duk umarnin da ya rubuta ki buga shi da yatsunki, kar ki kwafa ki manna. Kin san yadda ake karatu a zaurukan cikin birni, ɗalibi ya ɗauki Ahalari ya biya a gaban malam layi-layi, ba ya tsallakawa Iziyya ko Risala sai wannan ya zauna, kuma in ya karanta babin alwala tashi yake ya yi alwalar a gani. To haka nan. Shafi biyar da kika buga da hannunki sun fi babi biyar da kika wuce da ido. Na sha ganin yara masu himma sun tara littafi cike da waya, wata shida ka tambaye su yadda ake ƙirƙirar folda a taminal su yi shiru, kuma abun yana damuna sosai don ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wanda zai ce musu su tsaya a kan guda ɗaya suka rasa.

Karatu na biyu yana cikin kwamfutar taki tun ranar da kika saka Linux, ba ya cin data ko kobo. Ki rubuta man sai sunan umarni, misali man ls, bayaninsa zai fito gaba ɗaya, in kin gama ki danna q ki fita. Da farko zai yi miki bushe-bushe kamar takardar kotu, gaskiya ne, amma ki saba leƙa shi kullum ko layi uku ne, don ranar da aka ɗauke wuta sabis ya ɗauke kuma datarki ta ƙare shi kaɗai zai rage miki.

Sai maganar wane Linux ɗin, tunda kala-kala ne. Ita asalin ƙwayar, wato zuciyar manhajar da ke magana da injin, Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, aka haɗa ta da kayan aikin GNU, wato shirin samar da manhajoji na kyauta da Richard Stallman ya faro tun 1983, daga nan kowa ya shirya nasa. Wayar Android da ke hannunki ma a kan ƙwayar nan take tafiya. Ubuntu, ɗaya daga cikin kalolin nan, ya fito a 2004, kuma lambarsa shekara ce da wata, 24.04 na nufin Afrilun 2024, irin waɗannan na Afrilun shekarar da lambarta ke rabuwa biyu cif, kamar 2024, su ake kula da su shekara 5, su za ki nema in Ubuntu za ki saka. Amma tunda kin ce injin ya tsufa ni Linux Mint mai fuskar allon da ake kira Xfce zan ce ki saka, ba shi da nauyi, fuskarsa ta yi kama da wadda kika saba, kuma girmansa wajen saukewa kusan rabin na Ubuntu ne, wanda ke sayen data da kuɗin abincinsa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dama Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tsofaffin injina da yawa ba sa ɗaukarta, kin ga kin zo a daidai lokaci.

Gargaɗi ɗaya kafin ki saka. Ki kwashe duk abun da ke cikin laftof ɗin ki ajiye a wani wuri. Akwai wani yaro ɗan ajin ƙarshe da ya zo shagona hankali a tashe, ya bi wani bidiyo ya danna inda aka ce a goge komai a saka sabo, furojet ɗinsa babi huɗu ya tafi, mun yi iya ƙoƙarinmu kaɗan muka ceto, har yau in na tuna fuskarsa raina ba ya daɗi. Ki sa Mint a fulash da Rufus ko Ventoy, manhajojin da ke shirya fulash don wannan aikin, ki tayar da injin daga fulash ɗin ki gwada kwana biyu ba tare da kin taɓa abun da ke ciki ba, ki ga wayafai yana kamawa sauti yana fita, sannan ki saka. Kuma ki sani rm, umarnin goge fayil a taminal, ba ya kai fayil kwandon shara, in ya goge ya goge kenan, musamman in kin sa sudo a gabansa, wato umarnin da ke ba ki cikakken iko a kan injin, to duk umarnin da kika gani a intanet ba ki san me yake yi ba kar ki buga.

In kin gama babi goman nan, wata biyu ko uku ya ishe ki in kina ba shi minti talatin kullum, sai ki nemi How Linux Works na Brian Ward, shi ne zai gaya miki me ke faruwa daga danna makunni zuwa fitowar allo. Wannan na sayarwa ne, ki fara tambaya a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar Ahmadu Bello ko ku haɗa kuɗi ku uku ku saya. Kar ki fara da shi dai, zai gundure ki.

Su kuma samarin nan biyu da suka ce ba su da laftof, ku sa Termux, manhajar da ke ba ku taminal, a wayarku ta Android, yawancin darussan farkon littafin za ku iya buga su a nan kafin Allah ya hore.

Na san wani zai ce duk Turanci ne, ina na Hausa? Wannan ciwon yana raina, a garin da aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ya kamata a ce ɗan sakandare yana da ɗan littafin da zai fara da shi da harshensa. Shi ya sa nake roƙonki ki sayi littafin rubutu mai shafi 60, duk umarnin da kika koya ki rubuta bayaninsa da Hausa yadda za ki faɗa wa ƙanwarki. Asabar mai zuwa bayan azahar ina Samaru, ki zo da laftof ɗin da cajarsa da fulash mai gig 8 wanda ba komai a ciki, mu saka tare.

Yayanki,
daga Tudun Wada, Zariya