Godiya ga masu kantin maganin bakin layinmu a Tarauni

Assalamu alaikum. Ni tela ne, kuma na yi kusan wata takwas ina fama da ƙwannafi. Da na ci tuwon dare na kwanta, sai wani ruwa mai tsami ya taso min har maƙogwaro, ƙirji kamar an zuba garwashi. Na sha jiƙon kanwa, na sha madara, na sha farin maganin nan na kwalba da ake girgizawa. Sauƙin awa ɗaya ne, ya dawo. Kemis uku na shiga. Ko'ina sai a ce "olsa ce", a miƙo omeprazole, a karɓi kuɗi, ko kallona ba a yi ba.

Ran da na shigo wajenku ban sa rai da wani abu daban ba. Sai malamar da ke kan kanta ta ce, "Baba, bayan wannan wane magani kake sha?" Na zaro diclofenac daga aljihu, wanda nake sha kullum saboda ciwon baya na zaman keken ɗinki. Ta ce shi da ibuprofen suna cin bangon ciki, in ajiye shi in riƙe paracetamol. Da ta ji cewa sai ƙwannafi ya taso da dare nake shan omeprazole, ta zaunar da ni. Ta ce ba ya kashe zafi nan take, tsamin da ciki ke fitarwa yake ragewa. Ƙwaya ɗaya ta 20mg da safe, rabin awa kafin karin kumallo, a haɗiye ba taunawa, na kwana 14. Da biro ta rubuta min a jikin kwalin, ta nuna min lambar NAFDAC. Ta ce in bayan gida ya yi baƙi, ko na yi aman jini, ko abinci yana maƙale min, in wuce asibiti kai tsaye. In kuma ƙwannafin ya dawo bayan na gama maganin, likita ya gwada min ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa olsa.

Na ɗaga gadona da bulo ta wajen kai kamar yadda ta ce, na daina kwanciya sai awa uku bayan tuwo. Yanzu ina barci har asuba.

Abin da ke ci min rai shi ne kemis nawa ne a garin nan da yaro ɗan makaranta yake tsarewa, yana miƙa wa direbobi da 'yan dako maganin ciwon jiki kullum, ba mai tambayar halin cikinsu.

Malama, Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka.

Naku,
Wani tela daga Tarauni, Kano