Ƙuri'ar Taliya Da Sabulu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in koka.

A zaɓen 2023 ina kan layi da hantsi, da idona na ga ana raba wa mata taliya da sabulu a bayan rumfar zaɓe. Abin ya ƙona min rai. Sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, kusan miliyan 25 kaɗai suka kaɗa ƙuri'a. Wa zai ga laifin wanda ya zauna gida? Tun 1999 muke shan alkawari, asibitin ƙauyenmu ko allura babu.

An kafa EFCC, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2003, amma shari'ar manya sai ɗagewa ake yi, shekara da shekaru. Ina roƙon jaridarku ta riƙa bibiyar shari'o'in nan, ku faɗa mana inda aka kwana.

Naka,
Mai karatu daga Kano