Wasiƙa Daga Birmingham: Sukuwar York da Gaɓar Tekun Scarborough

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida, har da dawakin bargarka, waɗanda na san ba ka cire su daga lissafin iyali. Mu ma nan lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in Allah ya nufa za ka kawo mana ziyara baɗi, kuma kana tambaya ko akwai hanyar da baƙo zai ga sukuwar mutanen Ingila da idonsa ba tare da ya sha wahalar neman mota da masauki ba. Akwai, kuma na bi ta a watan Agustan da ya wuce, shi ya sa na ga ya fi in zauna in rubuta maka dalla-dalla a kan in tsakura maka a waya.

A ƙasar nan akwai kamfanonin safa da sana'arsu ke nan, shirya gajeren hutu. Kuɗi ɗaya za ka biya, ya haɗa da kujerarka a mota da ɗakin otal da abincin safe da na dare da tikitin shiga filin sukuwa. Wanda na shiga ya kai mu birnin York kallon tsere, daga nan ya wuce da mu Scarborough a bakin teku muka kwana. Mafi yawan abokan tafiyata tsofaffi ne 'yan fansho, mata da miji ko ƙawaye, waɗanda tuƙi mai nisa ya fara yi musu nauyi. Kowa da lambar kujerarsa, kuma a kanta zai zauna har a dawo. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne lokaci, domin in direba ya ce ƙarfe takwas, to, takwas ɗin yake nufi, kuma wanda ya makara zai shigo ya tarar da idanun mota guda a kansa, ba wanda zai ce masa uffan.

Filin sukuwar York yana kan wani fili mai faɗi da ake kira Knavesmire, a kudancin gari, kuma tun shekarar 1731 ake tsere a wurin. Babban taronsu na shekara shi ne na watan Agusta, wanda suke kira Ebor, ana farawa Laraba a gama Asabar. Kowace rana ana yin tsere shida ko bakwai, da tazarar kamar rabin sa'a a tsakaninsu. Akwai ɓangaren manya, inda sai namiji ya sa kwat da laktaye, akwai kuma na tsakiya, wanda tikitinmu ya ba mu. Ni da kaftani da hula na shiga, ban ga wanda ya dame ni ba, sai ma wata tsohuwa da ta tsayar da ni tana yaba aikin hular.

In ka zo, kada ka ɓata lokaci wajen neman kujera a rumfa. Ka nufi da'irar da ake zagayawa da dawaki kafin kowane tsere, domin a ganina nan ne kuɗinka zai fita. Masu kula da su suna jan su a hankali a gaban jama'a, kusa ƙwarai, har kana jin hucinsu. Na tsaya jikin shingen na ƙare wa wani akawal kallo: ƙafafu dogaye sirara, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a ƙarƙashin fata, gumi ya fara yin kumfa a wuyansa tun ba a hau shi ba. Wata 'yar budurwa ce ke riƙe da shi, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, shi kuwa sai taunar linzami yake yana watsa kunnuwa. Babu jalala, babu ɗan ƙirji, babu wani ado ko kaɗan, sirdin ma ɗan falle ne da za ka iya ɗauka da yatsa biyu. Mu a gida muna lulluɓe doki da kaya don a ga darajar mai shi, su kuwa a nan tuɓe shi suke yi don a ga abin da zai iya. Ban ce ɗaya ta fi ɗaya ba, amma mai son doki irinka zai so ya ga dabbar a fili haka.

Mahayan ƙanana ne, da yawansu ba su kai kilo 60 ba, kuma likkafarsu a ɗage take har gwiwa tana neman taɓa ƙirji, saboda haka ba zama suke yi a kan doki ba, tsugune suke a samansa. Ana auna kowane mahayi tare da sirdinsa kafin tsere, a sake auna waɗanda suka zo kan gaba bayan an gama. A wasu tseren, har da tseren Ebor ɗin kansa, wanda taron ya ci sunansa, wanda aka fara a 1843 kuma tsawonsa ya kusa kilomita 3, dokin da aka kimanta ya fi ƙwazo shi ake ɗora wa nauyi mafi yawa, ana cusa ɓallin darma a cikin wani ƙyalle a ƙarƙashin sirdi, wai don a daidaita ƙarfi kowa ya samu dama. Bulala ma da ƙa'idarta: a irin wannan tsere na fili ba a yarda mahayi ya wuce bugu shida ba, in ya wuce a dakatar da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka riƙe asalin dawakinsu. Tun 1791 suke da littafin da ake rubuta kowane doki da uwarsa da ubansa, kuma duk dokin tseren da ka gani, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, sai ta tuƙe ga ɗayan ingarmu uku da aka kawo daga ƙasashen Musulmi. Mafi yawansu suna komawa ne ga guda ɗaya, wanda wani ɗan kasuwa Thomas Darley ya saya a Halab ta ƙasar Sham, aka kawo shi Ingila a 1704, ya zauna a gidan gonar dangin Darley da ke Aldby, 'yar tafiya kaɗan daga York. Har yau Larabawa ba su saki harkar ba. Za ka ga mahaya sanye da shuɗiyar riga ta bargar Godolphin, mallakar Sarkin Dubai, kuma dokin da mutanen York ba su gaji da labarinsa ba, Frankel, na marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ne. Sau 14 ya yi tsere ba a taɓa cin sa ba, kuma a wannan fili, a 2012, ya bar na biyunsa da tsawon doki bakwai. Dattijon da ke zaune kusa da ni a mota ya ce yana wurin a ranar, kuma tun daga Birmingham har muka sauka bai canza zance ba.

Tseren kansa ɗan lokaci ne. Na gajeren zango, mai kilomita 1, bai fi minti ɗaya ba. Da farko ba ka ganin komai sai a babban allo, can sai ka ji ihun mutane ya taso daga nesa yana matsowa, ƙasa ta ɗauki rugugin kofato, su wuce ka fyuu, ɓarɓashin ciyawa yana tashi a bayansu.

Ba zan ɓoye maka ba, caca ita ce ginshiƙin taron. Masu karɓar kuɗin suna jere a gaban rumfa, kowa da allonsa mai lambobi da ke canzawa, kuma giya tana yawo sosai, musamman in yamma ta yi. Ihun da na faɗa maka, rabinsa na son doki ne, rabinsa na kuɗin da ke kan dokin. Mutum yana iya shiga ya fita bai sa sisi ba, ba kuma wanda zai tilasta masa. Ni abin da na yi shi ne in zaɓi doki a zuciyata a wurin zagayen, in ga ko idona ya yi daidai. Amma gara ka san yanayin wurin tun daga gida, ka yi shawara da zuciyarka. Salla kuwa, na ɗauki 'yar darduma a jaka, na samu gefe mai ciyawa na yi, ba wanda ya ko kalle ni.

Daga York zuwa Scarborough kamar kilomita 65 ne, ana bi ta kusa da Malton, garin da ke cike da bargogin horar da dawaki. Scarborough na cikin wuraren hutun bakin teku mafi daɗewa a Ingila. Asalin abin wani ruwa ne mai ɗanɗanon ma'adini da wata mata ta gano yana tsattsafowa daga gindin dutse wajen 1626, aka ce magani ne, masu hali suka riƙa zuwa sha, daga baya likitoci suka ƙara musu da wankan teku. Da jirgin ƙasa ya iso daga York a 1845, sai ma'aikatan masaƙu da na ma'adinai su ma suka samu hanya. A 1867 aka buɗe katafaren otal ɗin nan Grand, wanda aka ce an tsara shi bisa lissafin shekara, hasumiya 4, hawa 12, bututun hayaƙi 52, ɗakuna 365. Mu ba nan aka sauke mu ba. Namu wani tsohon gini ne mai matsattsun ɗakuna, wanda tagarsa ke kaɗawa duk dare, amma shimfiɗa tsaf take kuma shayi bai yanke ba.

Wani tsauni ne ya kutsa cikin teku ya raba garin gida biyu, a kansa kuma akwai kangon ganuwar da aka gina tun ƙarni na 12, wadda jiragen ruwan yaƙin Jamus suka yi wa ruwan wuta tare da garin a watan Disamba na 1914. Gaɓar arewa shiru take, ta kudu kuwa nan ne tashar masunta da shagunan wasa da hayaniya. Saboda gangaren yana da tsayi, akwai wani ɗan tarago da igiya ke ja yana sauke mutane zuwa bakin ruwa, yana aiki tun 1881, kuma gwiwoyinka za su gode masa. Ruwan yana da sanyi ko a Agusta. Na tsoma ƙafa na janye, alhali yara suna ta iyo a ciki.

A kan rairayin ne na ga abin da na ce lallai sai na ba ka labari, wato jakuna. An yi musu kwalliya da linzami mai launi, kowane da sunansa a rubuce a goshi, ana ɗora yara a kansu a yi 'yar tafiya a dawo, iyaye su biya. Ba a ɗora musu babba, kuma suna da lokacin hutu. Jiya-jiya na ga dawakin da kuɗin ɗayansu zai sayi unguwa, ga shi yau layin da yara suka ja wa jaki ya fi ƙarfin a ƙirga.

Abincin wurin soyayyen kifi ne da dankali. Ka riƙa tambaya da wane mai aka soya, domin a yankin Yorkshire da yawa da kitsen shanu suke suya, wasu kuma da man kayan lambu. Ka kuma ci a ƙarƙashin rumfa, saboda manyan tsuntsayen tekun nan farare suna kawo sura kamar shirwa. A gabana ɗaya ya fizge rabin kifi daga hannun wani bawan Allah, ya bar shi riƙe da takarda.

Shawarata ita ce ka daidaita zuwanka da rabin ƙarshe na Agusta. In manyan dawaki kake son gani, ranar Laraba ce ake babban tseren da Frankel ya ci, in kuwa cikar jama'a kake so, to, Asabar. Kujerun irin wannan tafiya suna ƙarewa da wuri, kuma mai kwana shi kaɗai a ɗaki ana ƙara masa kuɗi, saboda haka gara mu kama ɗaki ɗaya mai gado biyu. Ka zo da rigar sanyi da ta ruwa ko da an ce maka lokacin zafi ne, da takalmi mai daɗin tafiya a ciyawa. Da zarar bizarka ta fito, ka aiko mini da ranakun in biya mana tun kafin a cika.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka kuma sanar da ni ko goɗiyar nan taka ta haihu. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka, amininka na Birmingham