Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2024: mu da ruwan Ginzo, rafin da ke bi ta garinmu Katsina

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa da matasa baki ɗaya. Sakatarenku ne. Ku yi mani afuwa rahoton nan ya makara, tun makon jiya ya kamata a ce yana guruf, to littafin miniti na hannun mataimakina shi kuma ya tafi biki Daura ya yi zamanshi. Dan Allah wanda ke da dattijo a gida da ba ya WhatsApp ya karanta mashi. Maganar kuɗi ba zan taɓa ta ba a nan, ma'aji zai zo da rasit ɗinshi ranar mitin kowa ya gani da idonshi, ni dai aikin da aka yi da wanda aka kasa yi zan faɗa.

Saboda sabbin da suka shigo bana, musamman masu lambu na wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, bari in ɗan koma baya. Kwamitin ruwa da kuke jin ana ta maganarshi ba haka nan muka kafa shi ba, Jibiya ce ta koya mamu. Daren 15 ga Yulin 2018 aka yi ruwan nan mutane na barci, kafin gari ya waye sama da mutum 40 sun riga mu gidan gaskiya, ɗaruruwan gidaje sun kwanta, dabbobi kuwa ba a magana, wasu gawarwakin ma sai cikin ƙasar Nijar aka tsinto su saboda can gulbin ya nufa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Da yawanmu na da dangi a can, ni kaina sai da na je gaisuwa, kuma abin da har yau bai bar raina ba shi ne shatin ruwa da na gani jikin wani bango da ya tsira, na miƙa hannu sama ban kai ba. A garin da rabin shekara yashi ne kawai cikin gulbin, yara na buga ƙwallo ciki.

To shi ya sa bana muka fara da zaman wayar da kai kafin damina ta sauka, wani malamin labarin ƙasa ɗan unguwarmu ya zo kyauta, Allah Ya saka mashi, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Abin da ya fi tsaya mani cikin bayaninshi shi ne, ba yawan ruwan shekara ke kawo ambaliya ba, yadda ya sauko ne. Katsina ruwanmu na shekara wajen milimita 600 zuwa 700 ne, ba wani abu ba ne in ka haɗa da kudu, amma in kason wata guda ya zubo cikin awa biyu ƙasa ba ta da lokacin sha. Balle yanzu ina ma ƙasar? Ko'ina siminti, ko'ina kwano da intalok, kududdufan da kakanninmu suka bari a cikin gari suna shanye ruwa duk an cike su da bola an yanka filoti an sayar. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarshi. Sai ya ƙara da wani abu da ban taɓa lura ba, in rafi ya cika ya fi bakin kwata tsawo, ruwan unguwa ba shi da inda zai zuba, sai ma na rafin ya biyo kwatar ya dawo cikin gida, shi ya sa wani gidan na nesa da rafi amma ruwa ta maguji yake shigo mashi ba ta ƙofa ba.

A wurin nan ne aka yi gardamar dam ɗin Lagdo, don duk shekara sai an turo mamu odiyo a guruf wai Kamaru za ta saki ruwa kowa ya tashi. Jama'a Lagdo kan kogin Binuwai yake, ruwanshi su Adamawa, Taraba, Binuwai da Kogi yake bi ya haɗu da Neja a Lakwaja ya gangara kudu. Shi ya taimaka wajen ɓarnar 2012 da ta ci rayuka 363, da ta 2022 da ta ci sama da 600, amma ko an buɗe shi duka ɗigo ɗaya ba zai hawo Katsina ba. Namu ruwan na kanmu ne, na sama da na kwatocinmu. Dan Allah a daina fowadin ba a bincika ba, wata tsohuwa kwana ta yi zaune da ƙullin kayanta saboda odiyon nan.

Yanzu ga babban aikin bana, wato awo, kuma nan zan ɗan daɗe don na san har yanzu akwai masu cewa wasan yara ne muka kashe ma kuɗi. Mun sa ma'aunin ruwan sama guda biyu, ɗaya a filin makarantar allo ɗaya a lambun mataimakin shugaba, ba wani inji ba ne, gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki da rula, an ɗora shi a fili nesa da bishiya da indararo, kullum da safe a auna a rubuta a zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Kamar ba komai ko? To ku lissafa da ni. Filoti ƙafa 50 bisa 50, in aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, abin da ya sauka kanshi ya haura lita 11,000, wato sama da jarka 460 irin mai lita 25 ɗin nan, in kurar 'yan garuwa na ɗaukar jarka goma to kura 46 ke nan aka juye maka a gida ɗaya. Sai ka ninka da gidajen unguwa, ka ƙara da na unguwannin da ke samanmu, duk kuma Ginzo za su faɗa. Ranar da malamin ya yi wannan lissafin a allo, baba mai unguwa hula ya cire ya ce ashe tafki muke kwana ƙarƙashinshi.

Na biyu shi ne sandar awo da muka zana jikin ginshiƙin kwalbati, kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama, jan kuwa ba da ka muka sa shi ba, dattawan lambu ne suka nuna mamu inda ruwa ke kaiwa kafin ya tsallaka cikin gonaki. Irin wannan awon ne NIHSA, hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido kan ruwan koguna, ke yi a manyan koguna, misali a Lakwaja ma'auninsu ya kai mita 12.84 a ƙarshen Satumbar 2012, da shi ake kwatanta duk wata ambaliya da ta biyo baya. Mu namu ƙarami ne amma dabarar ɗaya ce. Matasa har gudun ruwa suka koyi aunawa, a jefa kara a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita goma, sai a haɗa da faɗi da zurfi. Misali rafi mai faɗin mita 10, zurfin mita 1, yana gudun mita 1 a daƙiƙa, lita 10,000 ke nan ke wucewa kafin ka ƙifta ido, jarka 400, sai dai a ɗan rage don ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri. Wannan shi ne ruwan da wani zai ce bari in tsallaka da mashin ai bai kai ƙugu ba.

Amfanin abin mun gan shi a watan Agusta. Waɗanda ke nan sun san daren da nake nufi, an yi kwana biyu ana yayyafi ƙasa ta ƙoshi, sai kuma hadari ya haɗo daga gabas bayan isha'i. Yaron da ke da duti, ɗan sakandare ne ma, ya fita da tocila da buhu a ka ya hasko kwalbati ya ga ruwa ya bar kore ya hau ruwan ɗorawa, ya koma bayan ɗan lokaci ya ga saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa ja. Ya kira ni, layi na ta yankewa, na kira liman aka buɗe lasifikar masallaci, da yake ba wuta sai da aka tada janareta. Cikin ruwan nan aka ja injinan ban ruwa sama, aka kwance awaki da tumaki, gidajen bakin rafi mata da yara suka koma makarantar allo. Ruwa ya shigo kam, ya kai gwiwa a wasu ɗakuna, katangun ƙasa sun zube, amma alhamdu lillahi ba rai ko ɗaya, ko akuya ba mu rasa ba in ban da kajin Inna da suka ƙi kamuwa. Yaron nan ina roƙon mitin ya yi mashi wani abu, ko kuɗin jarabawa ne.

Ɓarna dai an yi ta. Masu lambu na ƙasa-ƙasa yashi ya binne masu fangali, latas da alayyahu da ke gab da yanka sun tafi, kuma ba amfanin kaɗai ba ne asarar, ƙasar kirkin da aka shekara ana zuba ma taki ita ruwan ya kwashe ya bar rairayi da leda. Abin da ya fi damuna kuma shi ne bayan ruwa ya janye, masai sun cika sun haɗe da rijiyoyi, satin da ya biyo baya yara suka yi ta gudawa, ga sauro kamar a kama da hannu. Iyayenmu mata su suka riƙe wannan ɓangaren, gida-gida suka bi suna cewa a tafasa ruwa, suna nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, suka kuma yi karo-karo aka yashe rijiyoyin da suka gurɓata. Wallahi sun fi mu maza tsari, littafinsu ba gyara ko ɗaya.

Ba a daɗe ba sai ga labarin Maiduguri, 10 ga Satumba, dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye gari har fadar Shehu da kasuwar Monday, shekara 30 cif bayan irin ta ta 1994. Mun tara tufafi da tabarmi da 'yan kuɗi mun ba wani ɗan uwa direba ya kai, ba yawa amma an yi. Na kawo maganar ne don masu cewa ai Jibiya ta wuce, irin ta sau ɗaya ake yi.

Sai inda muka gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Aikin gayya na yashe kwatoci sau uku muka tsara, na farko an fito sosai, na biyu rabi, na uku ni da shugaba da yara 'yan kaɗan muka tsaya muna kallon juna da shebur a hannu. Wasu ma da suka kwashe sharar sai suka tara ta bakin kwata, ruwan farko ya maida ta inda ta fito. Ledar fiya wata kuwa sai dai addu'a. Littafin awon ma akwai ramuka, kusan sati biyu na Satumba ba a rubuta komai ba saboda mai duti ya yi tafiya bai faɗa ma kowa ba, gwangwanin lambu kuma an taɓa samun shi an mai da shi mazubin shayar da kaji. Awon da ba a yi kullum ba shi da maraba da babu, don amfaninshi sai an jera shekaru a ga ruwa nawa ne ke kai rafin ga ja, a nan ne za mu iya cewa tun daga gwangwani, kafin ma a je kwalbati, yau a kwana da shiri. Takardar da muka kai wani ofishi kan faɗaɗa kwalbatin da ya yi ma ruwan kaɗan, sau huɗu ina zuwa, kullum oga ya fita, har yau shiru. Masu tifa da ke ɗibar yashi suna cin gaɓar rafi mun yi magana da su ta hannun mai unguwa, sun daina sati biyu sun dawo da dare. Ziyarar da muka so kai matasa Jibiya su ga wurin da idonsu ita ma an fasa, kowa ya san halin hanyar, iyaye ba su yarda ba kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai maganar da na san ba za ta yi ma wasu daɗi ba. Cikinmu akwai wanda ya ja katanga ya ci hanyar ruwa, akwai wanda ke shirin ɗora bulo a inda kowa ya san kududdufi ne. Ban kama suna ba, dattawa sun ce su za su zauna da su cikin sirri, to dan Allah baba a yi zaman kafin a kai linta.

Badi in Allah Ya kai mu, da zarar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma ta fitar da nata na wuraren da ake fargabar ambaliya, za mu nemi wanda zai fassara mamu su da Hausa a karanta a masallaci bayan sallar Juma'a. Duti zai koma mutum biyu-biyu, fentin kwalbati na son sabuntawa don jan ya fara koɗewa, kuma muna neman wanda zai ba mu lasifikar hannu mai batir kada mu sake dogara da janareta. Mitin ranar Asabar ne bayan la'asar a inda muka saba, a zo da katin memba. Waɗanda suka ari baro da shebur na ƙungiya tun watan Yuni kuma, sunayenku na wajena, a taho da su.