Wasiƙar Godiya ga Ofishin IUPAC kan Ƙa'idojin Sanya wa Sinadarai Suna

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, IUPAC, musamman sashen da ke kula da sunaye.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku a matsayina na malamin kimiyyar sinadarai wanda ya daɗe yana cin moriyar aikinku bai taɓa ce muku sannu da ƙoƙari ba, alhali yaba kyauta tukuici ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka tabbatar da cewa sunan haɗaɗɗen sinadari yana ɗauke da fomularsa a cikinsa, ta yadda ɗalibin da ya riƙe 'yan ƙa'idoji da cajin ayon-ayon masu tarin atam (ayon shi ne atam ko gungun atam mai ɗauke da cajin lantarki) zai iya rubuta fomular abin da bai taɓa gani ba. Idan na rubuta kalsiyam fosfet a allo, ɗalibi ya san kalsiyam yana da caji 2+, fosfet kuma, wato PO₄, yana da 3−, saboda haka sai ya nemi inda za su daidaita: kalsiyam uku su ba da 6+, fosfet biyu su ba da 6−, ya rubuta Ca₃(PO₄)₂. Haka zai bi ya samo (NH₄)₂SO₄ daga amoniyam salfet, ba tare da hadda ba.

Bakan nan biyu, wato ( ), da ake kewaye ayon da su, ƙananan abubuwa ne a ido, amma a wurinsu ake gane wanda ya fahimta da wanda ke kwafa. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta CaOH₂ yana nufin kalsiyam haidroksayid, sai in sa shi ya ƙirga atam ɗin da bakinsa, ya tarar oksijin ɗaya ne kacal a abin da ya rubuta, alhali a Ca(OH)₂ biyu ne. Daga ranar yake gane cewa OH dunƙule ɗaya ne da ke tafiya tare, kuma lambar da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke ciki. Idan kuwa ayon ɗin guda ɗaya ne, kamar a NaOH ko CaCO₃, babu buƙatar baka ko kaɗan.

Na san ba ku kuka fara wannan aiki ba. Tun 1787 Lavoisier da Guyton de Morveau da Berthollet da Fourcroy suka fitar da tsarin da ya samar da sunaye masu ƙarewa da -ate da -ite (irin su salfet da salfayit) a Faransa, Berzelius kuma ya kawo wakiltar sinadarai da haruffa a wajajen 1813. Sai dai tun da aka kafa ƙungiyarku a 1919, ku ne kuka tattara waɗannan, kuka tace su, kuka kuma karɓi tsarin Alfred Stock na lambobin Romawa, wanda ya raba mu da ruɗanin tsofaffin sunayen ayon ɗin ƙarfe, feros da ferik. Yanzu ƙarfe(II) salfet shi ne FeSO₄, ƙarfe(III) salfet kuma Fe₂(SO₄)₃, cajin yana zaune a fili cikin sunan.

Ba zan ce tsarin ba shi da wurin tuntuɓe ba. Ɗalibai kan ɗauka -ate na nufin wani adadin oksijin tsayayye, alhali nayitret NO₃⁻ yana da uku, salfet SO₄²⁻ yana da huɗu. Abin da -ite ke nunawa kawai shi ne an rage oksijin ɗaya daga ɗan'uwansa. Jerin kulorin ne ke warware musu wannan, daga haipokulorayit ClO⁻ zuwa kulorayit ClO₂⁻, kuloret ClO₃⁻ da pakuloret ClO₄⁻. Kuma bambancin irin waɗannan sunaye ba wasan jarrabawa ba ne kawai, domin bariyam salfet ana ba majiyyaci ya sha kafin hoton ciki saboda ba ya narkewa, bariyam kabonet kuwa yana narkewa a ruwan asid na tumbi ya zama guba.

Ina kuma yaba muku da sassaucin da kuka nuna a ƙa'idojinku na 2005, inda kuka bar sanannun sunaye irin su salfet da nayitret suna aiki tare da dogayen sunaye masu bayyana kowane atam, da kuma taƙaitaccen jagoran da kuka fitar a 2015 kuka sa a intanet kyauta, wanda nake komawa gare shi duk lokacin da gardama ta taso tsakanina da abokan aiki. Roƙona ɗaya shi ne, kamar yadda aka fassara jagoran zuwa harsuna da dama, ku buɗe ƙofa ga malaman da za su mayar da shi Hausa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin kimiyyar sinadarai